Dala 80,000 a takarda, 48,000 a hannu: ina sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani siton kaya a Bronx, New York, na ji ciwo a gadon baya wajen ɗaga kwali shekara huɗu da suka wuce. Yanzu ina karɓar kuɗin nakasa na Social Security (tsarin fansho da tallafin nakasassu na gwamnatin Amurka), ina kuma kan Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi da nakasassu). Kamfanin inshorar wurin aikina ya ce zai ba ni dala 80,000 a rufe magana, amma lauyana ya ce 48,000 za su shigo hannuna: za a cire 20,000 na magani, sai ladansa, sai 3,000 na ciyar da 'ya'yana da ake bina. Ko cutata ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Lissafin da ka kawo ya yi daidai da doka, ban ga cuta a ciki ba.

Yarjejeniyar da ake maka tayi ita ce ta sashe na 32 na dokar diyyar ma'aikata ta jihar New York, kuma ba ta aiki sai hukumar diyyar ma'aikata ta jihar ta amince. Ladan lauya ma ba shi ke yanke wa kansa ba. Tun 1 ga Janairun 2023 doka ta tsayar da shi a kashi 15 cikin ɗari, ba a kuma haɗawa da kuɗin maganin gaba. Cire 20,000 daga 80,000, saura 60,000, ladansa 9,000. Idan wani ya nemi ka ba shi wani abu ta bayan fage ban da wannan, kada ka bayar. Bashin ciyar da yara kuwa, tun daga tushe ake cire shi, babu roƙo a nan. Shi ya kawo ka 48,000.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne 20,000 ɗin nan. Ba a ƙwace maka su ba, naka ne, amma an ɗaure su. Da zarar ka rufe ɓangaren magani, inshora ya zare hannu daga ciwon bayan nan, Medicare kuma ba ya yarda a jibga masa nauyin da na inshora ne. Don haka ake ware kuɗin a asusu na daban mai kawo ruwa, ba a taɓa su sai don maganin wannan rauni, irin wanda Medicare ke biya. Kowace allura, kowane hoton baya, ka adana rasit, don duk shekara za ka ba da bayani. Tunda kana kan Medicare kuma jimillar ta haura dala 25,000, ana iya tura adadin hukumar Medicare ta duba, kuma ni dai ina ba da shawarar a tura.

Na san yadda abin ke kasancewa. 'Yan'uwa a gida sun ji dala 80,000, tuni an buga lissafi da naira ko sefa, har an nemo mai fili. Wanda ya zuba kuɗin asusun nan a bulo da kwano, ran da likita ya ce sai tiyata, Medicare zai iya ƙin biya har sai ya nuna an kashe kuɗin yadda ya kamata.

Haraji dai babu a kan diyyar. Amma akwai abin da ba ya fitowa a jerin cire-ciren: dokar tarayya ta hana kuɗin nakasa da diyya su haura kashi 80 cikin ɗari na abin da kake samu kafin rauni, don haka ana iya rage maka na wata-wata. Ka ce lauya ya rubuta a yarjejeniyar cewa dunƙulen kuɗin an baza shi ne a kan sauran shekarun da ake kiyasta maka, wannan na rage zaftarewar sosai. Ka kuma tambaye shi ko Medicare ko Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) sun taɓa biyan maganin bayan nan, don za su nemi a mayar musu, kuma gara a rubuta cewa inshora ne zai biya.

Bayan an miƙa wa hukuma yarjejeniyar kana da kwana 10 ka janye. Idan ta amince, ba a sake buɗe ta sai da yardar kowane ɓangare, kuma inshora ya biya cikin kwana 10 ko a ƙara masa tarar kashi 20 cikin ɗari. Kafin ka sa hannu, ka nemi lissafin a rubuce, ka kuma nemi tafinta, hukumar na bayarwa kyauta.