Wane faifan ajiya za ka ba mai laftof?

Ka tambaye ni, in kwastoma ya zo neman faifan ajiya na waje, wanne za ka miƙa masa, mai juyawa (wanda faranti ke juyawa a cikinsa, allura tana karantawa) ko SSD (wanda babu abin da ke motsi a cikinsa). To yarona, kafin ka taɓa kwali ko ɗaya, karɓi kwamfutar ka duba gefenta.

Kafar USB ita ke yanke hukunci. In 2.0 ce, a aikace ba ta wuce megabait 40 a daƙiƙa, ko SSD mafi tsada ka jona mata. Ita 3.0 galibi za ka ga harshenta shuɗi, ko alamar SS a gefe. A kanta faifai mai juyawa yana yin kamar megabait 100 zuwa 130, SSD kuwa ya haura 400. Mai tsohuwar kwamfuta kada ka sa shi asarar kuɗi a kan gudun da ba zai gani ba.

Sai wuta, kuma a nan ne yara ke yanke wa lafiyayyen faifai hukuncin mutuwa. Ƙaramin faifai mai juyawa, mai inci 2.5, daga kafar yake shan wutarsa. Kafar 2.0 wutar miliyamfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 500 take bayarwa, 3.0 kuma 900. Injin faifan ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi, saboda haka in wutar ta gaza za ka ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Kada ka ce ya mutu. Sauya kebul da gajere mai kauri, cire shi daga abin raba kafa ka soka kai tsaye a jikin kwamfutar. In har yanzu yana ƙarar, to daina kunna shi, domin kunnawar na iya ƙara karce farantin. Babban mai inci 3.5 kuwa sai da adaftar bolt 12, na tebur ne, ba na jaka ba.

Yanzu tambaye shi aikinsa. Mai jibge hotuna da bidiyo a gida, ba shi mai juyawa, ya fi araha a kowane terabait. Wanda kullum yana hanya, SSD, don babu allura a ciki da za ta daki faranti in ya faɗi yana aiki.

Wajen fomat, wato tsarin da faifan ke jera fayil a kai, in tsakanin Windows da Mac zai riƙa yawo, sa tsarin exFAT. Mac na karanta NTFS, tsarin Windows, amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Tsohon tsarin FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Kafin ya tafi, buɗe manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo ka duba awannin aiki da sassan da suka lalace. Sabon faifai mai awa dubbai, tsoho ne aka sa wa sabuwar riga. In kana zargin girman na bogi ne, manhajar H2testw za ta cika shi ta tona. Terabait ɗaya ya nuna gigabait 931 a Windows, wannan daidai ne, bambancin lissafi ne kawai, ka yi masa bayani tun kafin ya dawo da faɗa.

Kuma ka faɗa masa ƙarara, in ya kwashe fayil zuwa faifan ya goge na kwamfuta, kwafi ɗaya ke gare shi har yanzu. Abin da ba zai iya rasawa ba, ya ajiye a wuri biyu.