Ɗan ƙwallon jami'a a Amurka: in ya karye a fili, wa ke da asara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ƙanena yana karatu a Amurka, ta dalilinsa na fara kallon ƙwallon jami'o'insu, wannan da ake sa hular kwano ana bangazar juna. Abin da ya ɗaure mini kai, sai ka ga ɗan wasa lafiyarsa ƙalau ya ce ba zai buga wasan ƙarshen kaka ba, wani kuma ana tsakiyar gasa ya ajiye riga ya ce zai sauya jami'a. Na kuma ji an ce yanzu biyan su ake yi. Wannan ba butulci ba ne? Kuma in ya ji rauni, wa ke ɗaukar nauyinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin a cikinta amsar sauran take.

A idon dokar Amurka, ɗan ƙwallon jami'a ba ma'aikacin jami'a ba ne, ɗalibi ne mai wasa. Wannan suna ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. A 1955 wani ɗan wasan kwalejin Fort Lewis da ke jihar Kolorado, Ray Dennison, ya bugu a ka ana cikin wasa, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da ake bai wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, kotun ƙolin jihar ta ce ba ta cancanta ba, wai ƙwallo ba sana'ar kwalejin ba ce. Walter Byers, wanda ya fara shugabantar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ya amsa da bakinsa a littafinsa na 1995 cewa sun yaɗa wannan suna ne don su toshe ƙofar irin wannan diyya. Haka aka yi da Kent Waldrep na jami'ar TCU, wanda ya karye a wuya a wasansu da Alabama a 1974, jikinsa ya shanye. An daɗe ana shari'a, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta Texas ta ce shi ma ba ma'aikaci ba ne.

Yau an samu sauƙi, ba zan ɓoye ba. Manyan jami'o'i suna biyan kuɗin aiki da magani, ba kuma a yarda su janye wa ɗan wasa tallafin karatu don ya ji rauni ba. Tun watan Agustan 2024 NCAA ta kawo inshorar da ke bin ɗan wasa shekara 2 bayan ya gama, har dala 90,000 a kan rauni guda. Amma gwiwar da aka ɗinke wa mutum yana da shekara 21 takan tashi da ciwo a shekara 40, lokacin babu jami'a babu inshora. Babbar asarar ma ba ta asibiti ba ce, ta kuɗin da zai samu a gasar ƙwararru ta NFL ce.

Ka dubi Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame. Ranar 1 ga Janairun 2016 ya shiga wasansa na ƙarshe a jami'a, da Ohio State, ana hasashen yana cikin goman farko da ƙungiyoyin NFL za su ɗauka. Tun ba a yi nisa ba aka ture shi, ƙafar hagu ta kafe a ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwasawa. Jijiyoyi suka tsinke. Da aka zo zaɓen da ƙungiyoyin NFL ke ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, sai a lamba ta 34 Dallas Cowboys ta ɗauke shi, kakar farko kuma bai taka fili ba. A NFL lambar da aka ɗauke ka ita ke yanke albashinka na shekarun farko, don haka faɗowa daga goman farko zuwa 34 asarar miliyoyin daloli ce a yammaci guda. 'Yan baya suna kallo. A Disambar wannan shekarar Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ce ba za su buga wasan ƙarshe ba. An zage su son rai. A zaɓen 2017 aka ɗauki Fournette na 4, McCaffrey na 8. Jake Butt na Michigan shi ya buga nasa wasan, gwiwarsa ta tafi, sai a zagaye na biyar ya samu shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi.

Yawancin waɗannan wasannin ƙarshen kaka ma ba na neman kofin ƙasa ba ne, na shagali ne da kuɗin talabijin. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, amma da yake mai jefa mata ƙwallo, Jordan Travis, ya karye a ƙafa a Nuwamba, kwamitin zaɓe ya ƙi sa ta cikin huɗun da za su nemi kofi. Taurarinta da dama suka janye daga wasan da aka ba su, Georgia ta lallasa ragowar da 63 da 3. Shi kuwa Travis, New York Jets ta ɗauke shi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, ya ajiye wasa a 2025.

Batun sauya jami'a gajere ne. A da, in ka sauya sai ka zauna shekara guda ba wasa, koci kuma yana iya hana ka zuwa wasu makarantun. A 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa ke sa sunansa a san yana kasuwa, a 2021 aka yarda ya sauya sau ɗaya ba zaman jira, a 2024 kuma, bayan wasu jihohi sun kai ƙara, aka cire iyakar. Kafin ka kira yaro butulu, ka tuna koci Brian Kelly ya bar Notre Dame a Nuwamban 2021 ya koma LSU a kan kwantiragin dala miliyan 95 na shekara 10, alhali yaransa suna jiran jin ko za su shiga neman kofi. Ba wanda ya zaunar da shi ko na mako guda.

Wanda ka ga ya tsaya ana tsakiyar gasa kuwa, lissafi yake yi. Kaka 4 doka ta ba shi, kuma in bai wuce wasa 4 ba a shekara, yana iya ajiye shekarar ba a ƙirga masa ita ba. Abin da Matthew Sluka na UNLV ya yi ke nan a Satumban 2024, bayan sun ci wasa 3 a jere. Wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar ta ce ta cika duk abin da ke kanta. Babu takarda, don haka kowa da tasa.

Sai kuɗi. Gaskiya ne ana biya, amma jiya jiya aka fara. Shekara da shekaru filin Michigan yana cika da mutum sama da 100,000, koci yana kwasar miliyoyi, yaron da aka zo kallo kuma in ya karɓi kuɗi don ya sa hannu a riga sai a dakatar da shi. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwandon jami'ar UCLA, shi ya fara tsaga bangon da ƙarar da ya shigar a 2009, bayan ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba a ba shi ko sisi ba. Kaliforniya ta yi dokar da za ta bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu a 2019. A Yunin 2021 alƙalan kotun ƙolin Amurka su 9 duka suka ƙi goyon bayan NCAA a shari'ar Alston, ranar 1 ga Yuli kuma aka bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu. Nan da nan attajiran magoya baya suka kafa gidauniyoyi, suna biyan albashi da sunan talla. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA: kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa cikin shekara 10, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Kada adadin ya ruɗe ka. Na dukkan wasannin jami'ar ne, ƙungiyar ƙwallo kaɗai tana iya ɗaukar mutum 105, kuma mai jefa ƙwallo da taurari kaɗan su ke kwashe kaso mai tsoka. Waɗanda ke kaiwa NFL ba su kai 2 cikin 100 ba. Ga mafi yawansu, waɗannan shekaru 4 su ne kasuwar gaba ɗaya. Ɗalibin da ya zo daga waje ma, irin ƙanenka da 'yan Najeriya da dama da ke wasa a can, bizar karatu ta taƙaita masa aikin kuɗi, don haka tallan da abokin ɗakinsa ke yi shi yana iya jawo masa matsala.

Ni dai ban kira shi butulci ba. Abin da na fi jin tsoro shi ne yaron da wakili ya zuga ya sa sunansa a rajista, ya saki tallafin da ke hannunsa, aka rufe kasuwa ba wanda ya kira shi. Irinsu suna da yawa kowace shekara, ba kuma a nuna su a talabijin. Maganar ko su ma'aikata ne kuwa tana gaban kotu: a Yulin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Johnson, ta ce ba za a kore yiwuwar hakan ba, ta mayar da batun ƙaramar kotu ta auna.