Gem ta intanet ko 'yar kwamfuta ta hannu? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan gem suka taru, sai na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan wayar da ta faɗa ruwa su ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, barka da aiki. Na tara 'yan kuɗi, ina so in riƙa ɗan taɓa gem da yamma bayan lacca, irin su ƙwallo da tuƙin mota, ba wani abu mai nauyi ba. Wani abokina ya ce kada in ɓata kuɗina a kan kwamfuta, wai yanzu akwai wasan gajimare: kamfani ne ke da babbar kwamfutar, ni dai in biya kuɗin wata in buga a wayata. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanena, sayi kwamfutar. Abokinka bai yi ƙarya ba, abin yana nan kuma yana aiki, amma ina kyautata zaton a YouTube ya gani, kuma wanda ya nuna masa ɗin yana zaune ne a Jamus ko Amurka.

Ga yadda abin yake. Gem ɗin ba a wayarka yake gudana ba, yana can a wata kwamfuta mai ƙarfi a rumbun kamfanin NVIDIA ko Microsoft. Abin da ke iso maka bidiyo ne kawai. Idan ka danna maɓalli, sai saƙon ya tafi can, kwamfutar ta aiwatar, ta ɗauki hoton abin da ya faru, ta dawo maka da shi. Kamar a ce duk lokacin da kake son buga fasin, sai ka aiki yaro Turai ya faɗa wa ɗan wasan, ya dawo ya ba ka labari. Komai saurin yaron, nisa nisa ne.

Mu ɗan yi lissafi. Saƙon intanet a matsayin haske yake tafiya cikin igiyar gilashi, hasken kuma yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Igiyar MainOne da ke ƙarƙashin teku, wadda ta haɗa Legas da Portugal tun 2010, tsawonta ya kai kilomita 7,000. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, wato milisakan 70 (milisakan guda ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa), kuma wannan kafin a saka tafiyar Zariya zuwa Legas, da ɓata lokacin da ake yi a ƙarfen sabis ɗin unguwarku, da ragowar tafiyar daga Portugal zuwa inda rumbun yake. NVIDIA da kanta ta ce manhajarta ta GeForce NOW tana buƙatar jinkirin da bai kai milisakan 80 ba. Kai kuwa daga Arewa, a kan datar waya, da wuya ka sauko ƙasa da 100. A gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 17 ne ko ƙasa kaɗan, to jinkirin 120 yana nufin hoto bakwai ne tsakanin dannawarka da abin da idonka zai gani. A ƙwallo, kafin fasin ɗinka ya fita ɗan baya ya riga ya ƙwace. A tuƙi kuwa, ka riga ka hau kan shinge.

Kuma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Da jinkirin tsayayye ne, da hannu ya saba da shi. Matsalar ita ce hawa da saukarsa, musamman daga magariba zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau TikTok, kuma daidai lokacin da ka ce kana son yin wasan ke nan. YouTube yana ɓoye wannan matsala domin yana tara bidiyon gaba ya ajiye kafin ka iso wurin. Gem ba shi da abin da zai tara, tunda bai san abin da za ka danna ba.

Sai maganar data, wadda ita ce ke karya ƙashin bayan yawancin mutane. NVIDIA ta ce hoto matsakaici, 720p, yana son megabit 15 a daƙiƙa, 1080p kuma 25. Idan ka buga lissafin, na farko zai iya shan gigabait kusan 7 a awa guda, na biyu ya haura 11. Awa ɗaya kullum tsawon wata, a ƙaramin ma, gigabait 200 ke nan. Ko a ce rabin haka ya sha, ka buɗe manhajar layinka ka duba nawa ake sayar da gigabait 100, ka tuna kuma cewa a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Ka ninka wannan sau goma sha biyu, ka ɗora kuɗin wata na kamfanin gem ɗin, wanda da kuɗin waje ake biya. Za ka ga ka sayi kwamfutar da kake gudu, wataƙila har da canji, alhali ba ka da komai a hannu.

Bayan haka, waɗannan kamfanoni ba su buɗe wa kowace ƙasa ƙofa ba. Xbox Cloud Gaming yana da jerin ƙasashen da yake aiki, ka duba shafin Microsoft kafin ka biya sisi. Wasu kan bi ta VPN su shiga, amma VPN ƙarin zagaye ne a kan tafiyar da dama ta yi tsawo. A Afirka ta Kudu kamfanin sadarwa na rain ya taɓa kawo GeForce NOW gida, sai dai Johannesburg ma ba nan kusa ba ce.

Kayan aro kuma ba ya rufe katara. Google ta buɗe nata wasan gajimaren mai suna Stadia a Nuwamban 2019 da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, ta rufe shi ranar 18 ga Janairun 2023. Ta mayar wa mutane kuɗinsu, wannan kam a yaba mata, amma abin ya tafi. Kafin ita OnLive ya fara a 2010 ya mutu a 2015. Mu nan ma muna da namu darasin: ranar 14 ga Maris ɗin 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya riƙa jan ƙafa har tura kuɗi ya gagari mutane. Mai gem a cikin kwamfutarsa a ranar bai san ana yi ba.

Kada ka tsaya a kan maganata. Buɗe manhajar auna intanet ta Speedtest da ƙarfe takwas na dare, ka canza uwar garken zuwa Landan, ka duba lambar da ke ƙarƙashin Ping, wato jinkirin da muke magana, ka gwada ta da 80 ɗin nan. Maimaita sau uku ko huɗu. Abin da ka gani shi ne amsarka.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Ranka ya daɗe, na yanke shawarar sayen kwamfuta ta hannu, don aikin ofis da ɗan gem a ƙarshen mako. Amma duk shagon da na shiga sai a ce min "Core i7 ce, tana ɗaukar komai". Me zan duba?

Amsa: Yallaɓai, kalmar i7, wato sunan furosesa ko ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Akwai i7 ta 2012, akwai ta 'yan shekarun nan. Lambar da ke biye da ita ce ke faɗin shekarunta: i7-3520M zubi na uku ce, i5-8250U zubi na takwas ce, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Kada ka sauko ƙasa da zubi na takwas. Dalili kuwa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas ta fara karɓa. Shi ya sa tsofaffin suka cika kasuwa da araha, ko a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Araha ba ta ado.

Ni na fi son kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikatu: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook. Jikinsu yana da ƙwari, masu gyara sun san su, kayan gyaransu kuma ba sa wahalar samu. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 misalai ne masu kyau. Idan gem ne a ranka, ka fi karkata ga mai furosesar AMD Ryzen 5, irin su 3500U ko 5500U, ko Intel zubi na 11 mai Iris Xe, domin ɓangaren hotonsu ya fi na zubi na takwas ƙarfi sosai.

Ga wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci ba su da katin girafik na daban, wato katin sarrafa hoto, daga RAM suke aron wurin aiki. Saboda haka sanda biyu na gigabait 8 sun fi sanda ɗaya na gigabait 16 amfani a gem, domin hanya biyu ce ke buɗewa maimakon ɗaya. Kana tsaye a shagon, danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, ka taɓa Memory. A ƙasa za ka ga Slots used. Idan ka ga 1 of 2, akwai gurbin ƙari, ka sa a saka maka na biyu a gabanka ka sake dubawa. A wannan shafin dai za ka ga ainihin sunan furosesar, ba na sitikar da aka manna a jiki ba, ka ga kuma ko ma'ajiyar zamani ta SSD ce a ciki ko tsohon faifai mai juyawa. In faifai ne, a canza shi, ko ka ajiye musu kayansu.

Batir kuwa kada ka yarda da "yana awa biyar". Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage yanzu. In ya zube ƙasa da rabi, a rage maka kuɗin sabo. Ka kuma kashe ta ka kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ka tabbatar ba a kulle da kalmar sirrin wata ma'aikatar waje ba.

Me za ta iya ɗauka? Minecraft, Stardew Valley, Euro Truck Simulator 2, Football Manager, tsofaffin PES, The Sims 4 wanda ya zama kyauta tun Oktoban 2022, har GTA V idan ka sauke saitin ƙasa. Sabon EA Sports FC kam zai wahalar da ita, kada wani ya ruɗe ka. In shi kake so, sai dai kwamfutar tebur, irin su Dell OptiPlex ta hannu, a saka mata ƙaramin kati kamar GTX 1650, bayan an tabbatar akwatin wutarta zai iya. Masu neman GT 1030 su lura iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya amma na biyun ya yi rauni ƙwarai. Sai dai ta tebur tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, ta cinya kuwa cajarta wat 45 zuwa 65 ce kawai, ƙaramin sola ma ya ishe ta. Wannan kaɗai ya sa nake tura yawancin mutane ga ta cinya.

Kada a ɗora ta a kan katifa ana wasa, kuma bayan hunturu a kai a busa mata ƙurar fanka. Gem kuma ba sai ka saya da tsada ba, shagon Epic Games yana raba na kyauta kowane mako, Steam kuma yana karya farashi sau da dama a shekara. Ka sauke da datar dare. Waɗanda ake tura wa mutane a filas a kasuwa, sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, kai kuma ka ce da aikin ofis a ciki.

Tambaya daga wata uwa a Maraɗi: Malam, yarana sun dame ni da Roblox da Minecraft. Su ma irin masu shanye datar nan ne?

Amsa: A'a Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Waɗannan a cikin na'urar suke gudana. Roblox yana buƙatar intanet, amma 'yan bayanai yake aikawa ba bidiyo ba, don haka cinsa bai kama ƙafar wancan ba. Minecraft kuwa in an saya an sauke, ana iya yin sa ba intanet. Matsakaiciyar waya ko tablet mai RAM gigabait 4 zuwa sama ta wadatar, ba sai kin sayi kwamfuta ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne saye-sayen cikin gem da hira da baƙi. Ki saka Google Family Link a wayarki, da shi za ki ƙayyade musu lokaci ki kuma hana su sayen komai sai da izininki.

Tambaya daga wani mai karatu a Abuja: Ina da Starlink a gida, 5G ma yana kamawa a unguwarmu. Ni ma kada in gwada?

Amsa: Kai kam gwada, ɗan'uwa, tunda data ba ta dame ka ba. Sai dai ka sani 5G da Starlink faɗin hanya suke ƙara maka, ba sa matso da Turai kusa. GeForce NOW yana da matakin kyauta na awa ɗaya a kowane zama, da ɗan jiran layi. In ya yarda ya buɗe maka, ka jona kwamfutar da kebul zuwa rawuta maimakon Wi-Fi, ka gwada da dare kamar mako guda kafin ka biya. Ka tuna gem ɗin ma sai ka mallake shi a Steam ko Epic, kuma ba kowanne ne ke ciki ba, domin wasu kamfanoni sun janye nasu tun 2020, ka fara duba jerin. Wasannin da ake yi a natse, na gina gari ko na dabara, za su tafi lafiya. Na harbi da na ƙwallo za su ɓata maka rai.