Me Ya Sa Maganin Feshi Ya Daina Kashe Sauron Dengi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazauniyar Jidda ce. A bara ɗana na biyu ya kwanta da zazzaɓin dengi, wanda mutanen nan suke kira hummad dank, kuma tun daga lokacin maganin feshi ba ya yankewa a gidana. To amma maganin da a da ina fesawa sauro yake zubewa, yanzu sai in fesa, in rufe ɗaki, in dawo in tarar da su suna yawonsu. Maƙwabciyata ta ce jabu ake sayar mana. Shin haka ne, ko kuwa in ƙara yawan feshin?
Maman Abdullahi, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ba zan rantse cewa babu jabu a kasuwa ba, amma abin da na fi zato shi ne maganin yana nan yadda yake, sauron ne ya canja.

Sauron da ke yaɗa dengi shi ne Aedes aegypti, ƙarami baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma Jidda ta san shi tun ɓarkewar cutar a 1994. Yawancin magungunan feshi na gida daga dangin sinadari ɗaya suke, wato pairetiroid, irin su permethrin da deltamethrin, waɗanda suke kama wata ƙofa a jijiyar sauro su hana ta rufewa har ya sanƙare ya mutu. A cikin dubban sauro akan sami 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan sauyi a wannan ƙofa, ta yadda maganin ba ya kama ta sosai, wasu kuma jikinsu yana narkar da gubar kafin ta yi aiki. Idan kika fesa, masu rauni su mutu, waɗannan su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji halin. Da yake daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai a lokacin zafi, ba a daɗewa sai masu taurin kan su mamaye unguwa. Binciken da aka wallafa a 2017 kan sauron da aka kamo a Jidda da Makka ya tarar da irin waɗannan sauye-sauye, tare da juriya ga deltamethrin.

Saboda haka ƙara yawan feshi ba zai fisshe ki ba, sai dai ki shaƙa wa yara hayaƙi, ki kuma ci gaba da tace wa sauron jarumansa. Canja gwangwani ma sau da yawa ruɗin kai ne, domin sunan kamfani ne ya bambanta, idan kika duba rubutun baya za ki ga sinadarin ɗan gida ɗaya ne.

Inda nake so ki mayar da ƙarfinki shi ne ruwa. Wannan sauron ba na kwata ba ne. Ruwa mai tsabta da aka adana yake so, kuma ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, don haka wanda ke cizonku mai yiwuwa a gidanku ko na maƙwabta ya tashi. Ki duba hazzan, wato tankin ruwa na ƙasa, da tankin saman bene ki tabbatar murfinsu ya zauna daram, ki duba bokitin da ke tarar ɗigon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da farantin ƙarƙashin tukunyar shuka, da kwanon ruwan tattabaru, da tsohuwar taya. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure: macen tana liƙa ƙwanta a jikin mazubi, sama kaɗan da bakin ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Sai an goge cikin mazubin da soso, sau ɗaya a mako. Tankin da ba ya zubuwa akan sa masa maganin kashe tsutsar sauro irin Bti, wanda hanyar aikinsa daban take da ta feshi, amma ma'aikatan lafiya ne ya kamata su auna shi.

Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar, don haka gidan sauro ya fi amfani ga jariri da mai ƙailula da wanda ke kwance da zazzaɓin. Sauran kuwa su sa tufafi masu dogon hannu, su shafa man korar sauro mai ɗauke da DEET, a kuma sa raga a tagogi.

Game da ɗanki, ƙwayar dengi iri huɗu ce, kuma kamuwa da ɗaya ba ya kare mutum daga sauran ukun, hasali ma kamu na biyu ya fi yawan zuwa da tsanani. Idan zazzaɓi ya sake kama shi, parasitamol kaɗai za ki ba shi, ban da asfirin da ibuprofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, ki kai shi a gwada jininsa. In kika ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a dasashi, musamman a daidai lokacin da zafin jikin ya fara sauka, to kada ki jira gari ya waye.