Awon igiya, filin Yaya da bashin banki: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Kano. Na tara naira miliyan shida daga adashi da kuɗin wata gona da na sayar. Wani dillali ya nuna mini fuloti biyu na awon igiya a bayan Janguza, kowanne miliyan uku, ya ce nan da shekara biyu za su ninka. Wani kuma ya nuna mini guda ɗaya na awon gwamnati a wajen Kumbotso, shi kaɗai zai cinye kuɗin. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da maganar ninkawar. Mai yiwuwa su ninka ɗin, amma ka tuna a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan yanayi, filin da ya ninka cikin shekara biyu ko uku kuɗinka kawai ya riƙe maka kada su narke. Hakan ma ya fi barin su a asusu. Shi kuwa dillali ranar ciniki yake cin la'adarsa, ranar da za ka sayar ba lallai ka gan shi ba.

Awon igiya ba abin gudu ba ne a kan kansa, unguwanni da yawa na Kano a haka suka tashi. Mai gona ne ya yanka gonarsa ba tare da hukumar tsara birni ta zana ba, shi ya sa yake da araha. Matsalar tana nan: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne a wurin, ko takardar C of O ma, wato shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, yawanci wa'adin shekara 99 take ɗauke da shi. Idan titi ko layin dogo ko bututun gas ya biyo ta kan filinka, gwamnati za ta karɓe, diyyar da doka ta tanada kuma a kan gini ne ko shukar da ke wurin, ba a kan farashin da ka biya dillali ba. Mai fili fetal, mai takardar hannu, shi ne na ƙarshe a layi.

Takardar mai unguwa da ta dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta hana a sayar wa mutum biyu wuri ɗaya. Ka koma wurin kai kaɗai, ba tare da dillalin ba, ka zauna da maƙwabtan gonar bayan La'asar ka tambaye su asalin mai ita. In gonar gado ce, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbata duk magada sun sa hannu, har da matan da suka yi aure a wani gari. Su ne suke dawowa bayan shekara biyar da sammaci, kuma sau da yawa su ne da gaskiya. Ka kuma je da damina, ko ka tambayi inda ruwa yake kwanciya. Da rani kowane kwari fili ne.

Na awon gwamnatin ma kada ka sake jiki da shi. Ka karɓi lambar fayil ka kai KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, a bincika: sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa? An jinginar da takardar a banki? Daga ina aka yanko wurin? Wannan ta ƙarshen mutane suna raina ta, alhali waɗanda rusau na 2023 ya shafa a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, da yawansu da takardu a hannu. Duk wurin da aka gutsuro daga makaranta ko maƙabarta ko filin jama'a, gwamnatin da ta ba da shi ba ita ce ta ƙarshe ba.

Da ni ne kai, kuma miliyan shidan nan su ne duk abin da na mallaka, guda ɗayan na awon gwamnati zan ɗauka in bincike ya fito tas. Ka matsa a yi maka ragi, domin akwai kuɗin lauya da na sauya suna zuwa naka, wanda sai da amincewar gwamna yake cika. In binciken bai yi kyau ba, ka sayi awon igiya guda ɗaya kawai, ragowar kuɗin ka katange shi ka fara neman takarda.

Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Kaduna. Yayana yana da fili a bakin titi, ya ce in kawo miliyan ashirin a gina shaguna, mu riƙa raba kuɗin haya biyu. Da na yi maganar rubutu sai ya ce ai uwa ɗaya uba ɗaya muke, rubutun me? Ba na so in ɓata masa rai.

Hajiya, ban yi zaton Yaya yana da wata muguwar niyya ba, kuma ba shi ne abin tsoron ba. Abin tsoron ranar da babu shi. A dokar ƙasa gini yana bin fili ne, wato mai sunan da ke kan takarda shi ne mai shagunan. Idan ta Allah ta kasance a kansa, shagunan za su faɗa cikin gado. In yana da ɗa namiji, ke ƙanwa ba ki da kaso ko na sisi a gadonsa. Za ki tsaya gaban alƙali kina cewa da kuɗina aka gina, matansa da 'ya'yansa suna cewa ba su san zancen ba, kuma wataƙila da gaske ba su sani ba. Haka ma in ke kika riga shi, 'ya'yanki ba su da abin nunawa.

Ta nan za ki shigar masa da maganar: "Yaya, ba don ni da kai ba ne, don yaranmu ne." In ya ƙara ja, ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sai kuma rabon kansa. Raba biyu yana da daɗin ji, amma a kan me? A sa masu kimanta kadara, ko dillalai biyu ko uku da ba su san juna ba, su faɗi darajar filin a yau. In miliyan goma ne, ke kuma kin zuba ashirin, to kashi biyu cikin uku naki ne, ɗaya nasa. In filin ya kai ashirin, raba biyun ya yi daidai. A mazhabar Malikiyya riba da asara a tarayya suna bin gwargwadon jarin kowa ne. In shi zai tsaya a kan magina da leburori, a yanka masa ladan wahalarsa daban, kada a cusa shi cikin kason mallaka.

Akwai abin da kusan kowa yake mantawa: gini ba ya ƙarewa a kuɗin da aka yi masa lissafi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma cikin 'yan makonni, gine-gine da yawa suka tsaya a linta. Ku rubuta tun yanzu wa zai cika in kuɗi suka gaza, kuma cikon bashi ne ko ƙarin kaso. Ku rubuta asusun da 'yan haya za su riƙa biya, da abin da za a ware na gyara kafin a raba. Ku rubuta yadda za a rabu: in ɗaya yana son sayar da kasonsa, ɗayan ne farkon wanda za a yi wa tayi, wanda dama shari'a ta ba shi wannan haƙƙi na shuf'a muddin ba a raba kadarar ba.

Lauya ya tsara takardar, shaidu su sa hannu, ciki har da babban ɗan Yaya in ya mallaki hankalinsa. Mafi ƙarfi shi ne sunanki ya shiga takardar filin a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ko ku yi rajistar ƙaramin kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a mayar da filin sunansa, kowa da hannun jarinsa. Kafin a yi wannan, ko tifar yashi ɗaya kada ki biya. Kuɗin kuma ta banki za su riƙa fita, ba a leda ba.

Ina da gini mai ɓangare huɗu da ya tsaya a rufi a Zariya. Miliyan goma sha biyar za ta ƙarasa shi, kowane ɓangare zai kawo dubu ɗari shida a shekara. In ci bashin banki?

A'a, ɗan'uwa, kuma lissafinka ne ya ba da amsar. Hayar duka miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ce a shekara, in kowa ya biya a kan lokaci, abin da ba ya faruwa. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da ma'aunin Babban Bankin suke ba mutum irinka. A kashi talatin, ruwan miliyan goma sha biyar kaɗai miliyan huɗu da rabi ne a shekara, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wannan tun kafin a zo maganar haramcin riba ke nan.

Bashin asusun gidaje na NHF da aka kafa a 1992 kashi shida ne, amma na masu zuba kashi biyu da rabi na albashinsu ne, kuma don gidan da za su zauna, ba na haya ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus, suna iya sayo maka kayan gini su sayar maka da riba sananniya ta hanyar murabaha. Ka je ka ji, amma ka tambayi jimillar abin da za ka biya ka gwada da hayar, domin halal ba ya nufin araha.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka rufe ginin duka don kada damina ta ci bulon, sannan ka ƙarasa ɓangare ɗaya tak ka sa ɗan haya. Ka nemi wanda zai biya shekara biyu a gaba, ko wanda zai ƙarasa nasa ɓangaren a riƙa cirewa daga haya, da rasiɗin kowane buhu da rubutaccen wa'adin da lissafin zai ƙare.