Amsa kan hoton Majalisar Dattawan Amurka da aka turo

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, hoton nan da ka turo kana tambaya wai ko ranar da aka hana bauta ce a Amurka, a'a wallahi, ba ita ba ce. Na san abin da kake son ji ke nan, cewa ga dattawa sun tashi sun ceci bayi. To ciniki ake yi a wurin. Wancan tsohon da ke tsaye tsakiya ya miƙa hannu, Henry Clay ne, sanatan Kentucky, shi kansa bayi gare shi a gonarsa. Shekarar 1850 ce. Amurka ta ci ƙasa daga hannun Meziko, sai rigima ta tashi: sababbin yankunan nan za a shiga da bayi ko ba za a shiga ba? Jihohin Kudu masu bayi na barazanar ɓallewa. Clay ya kawo shawarar a raba, kowa ya samu nasa. A karɓi Kalifoniya babu bauta, a daina kasuwar bayi a birnin Washington, amma bautar kanta tana nan, ba a taɓa ta ba.

Ka ƙara girman hoton ka duba. Na kan kujerar shugabanci Millard Fillmore ne, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa. Wanda ya yi tagumi Sanata Daniel Webster ne. Sanata John Calhoun ma yana ciki, mutumin da ciwo ya ci shi har sai wani ne ya karanta masa jawabinsa a watan Maris, kafin watan ya ƙare ya mutu. Shi hoton kuma sai 1855 ya fito, Rothermel ya zana, Whitechurch ya sassaƙa don bugawa, lokacin Clay da Webster da Calhoun duk sun mutu. Karrama su aka yi, shi ya sa kowa tsaf da shi cikin kwat. Alhali a zauren majalisar nan, cikin Afrilun shekarar, Sanata Foote ya zaro bindiga a kan Sanata Benton. Wannan ba za ka gan shi a zane ba. Kuma nemo mini bawa ɗaya a ciki. Mutum sama da miliyan uku ake maganar makomarsu, ko ɗaya babu.

Sanata Stephen Douglas ne ma daga baya ya yayyanka ƙudurin aka zartar ɗaya bayan ɗaya, don na Clay a dunƙule faɗuwa ya yi... bar wannan dai, ba shi ne damuwata ba.

Abin da ke ƙona mini rai dokar kamo gudajjen bawa ce da ta fito daga cinikin nan a watan Satumba. Na sha faɗa a zauren hirar nan tamu, kuna cewa na cika mita. Mutum ya tsere ya kai jihohin Arewa da babu bauta, an kama shi, ba shi da bakin kare kansa gaban hukuma. Jami'in da ke sauraron ƙarar, in ya miƙa shi ga mai da'awa dala goma zai samu, in ya sake shi dala biyar. Goma da biyar fa! Wai hujjarsu aikin takarda ya fi yawa. Haba! Wanda kuma ya ɓoye shi ko ya taimake shi, tarar dala dubu da ɗaurin wata shida. Ka ga har ɗan da bai taɓa bauta ba ana iya yi masa ƙage a tafi da shi. A 1854 a Boston, sojoji aka jera a titi don a raka mutum ɗaya, Anthony Burns, zuwa jirgin ruwa a mai da shi Virginia, jama'ar gari na ihu.

Hana bautar da kake tambaya sai 1865, bayan yaƙin basasa. Don Allah ka goge rubutun nan da ke ƙasan hoton kafin ka tura wa ɗalibanka, in kana so anjima in yi maka wata muryar kan dukan da aka yi wa Sanata Sumner da sanda a 1856, shi ma akwai zanensa.