Sau huɗu ina mayar da mota gareji, giya ta ƙi gyaruwa

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Gusau. Wata biyu da suka wuce na sayi mota 'yar Kwatano a wani kamfanin sayar da motoci, suka ba ni garantin wata shida a rubuce. Sati biyu da ɗaukarta giya ta fara fizga. Sau huɗu ina mayar musu, kullum sai su ce an gyara. Jiya ta mutu mini a hanyar Tsafe, iyalina suna ciki. Manajan ya ce in ƙara haƙuri in kawo ta. Me doka ta ba ni?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Mutuwar mota a wannan hanya da iyali a ciki ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar "wata biyu", domin haƙurin da ake ba ka yana cinye maka lokaci.

Najeriya ba ta da doka ta musamman kan motar da ta ƙi gyaruwa irin wadda jihohin Amurka suke da ita. Abin da muke da shi shi ne dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya ce kayan da aka sayar maka dole su kasance masu inganci, suna aiki, babu aibi. Sashe na 132 kuma ya ba ka damar mayar da su cikin wata uku da karɓa, ba tare da an ci ka tara ba, kamfani ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Saura maka wata guda ke nan. Garantin wata shida yana nan daram, amma yawancin irin waɗannan takardu gyara kawai suke alkawarta, ba mayar da kuɗi ba. Ɗauko taka ka karanta ta da kyau.

Za su ce ai mota ta hannu ce. Gaskiya ne alƙali zai dubi shekarunta da farashinta. Sai dai giyar da ta lalace cikin sati biyu, ta kuma gagari makanikansu sau huɗu, alama ce mai ƙarfi cewa da ciwonta ta zo, in dai ba su faɗa maka shi ranar ciniki ba. A ganina sun gama cin damarsu ta gyara. Ka nemi canji ko kuɗinka.

Fiƙihun Malikiyya ma haka ya tafi: wanda ya ga tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓin mayarwa. Amma idan ya ci gaba da amfani da abin bayan ya san aibin, ana iya ɗauka ya yarda. Don haka ka ajiye motar. Kada kuma ka bar wani bakanike na waje ya kwance giyar, domin nan take za su ce shi ya ɓata ta. Ya duba da na'ura ya rubuta abin da ya gani, iyakarsa ke nan.

A wannan satin ka sa lauya ya rubuta musu wasiƙa: ranar saye, ranakun da ka kai ta gyara, abin da aka ce an yi, da wa'adin kwana 14 su canza ko su biya. Su sa hannu a kwafinka. Haɗa rasit, takardar garanti, shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin WhatsApp. Mutanenmu sun saba ciniki da baki da "Allah ya sa albarka", shi ya sa ƙararraki da yawa suke mutuwa tun ba a je ko'ina ba.

Idan sun yi biris, ka shigar da ƙorafi a FCCPC ta intanet, ko ka tafi Babbar Kotun Jiha a Gusau kai tsaye, domin sashe na 146 bai tilasta maka jiran hukumar ba. Can za ka iya neman har kuɗin janwe da na hayar wata motar, muddin kana da rasit. Sulhu ta hannun dattawan 'yan mota yakan fi sauri, ban hana ka ba, amma a rubuta abin da aka amince a kai.

Kada ka kai su wurin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma idan aka tsare manajan a kanka, kai ne za a iya makawa a kotu.